Abin da Hoto Ya Gani a Huhun Wanda Aka Ce Ya Warke



Duk wanda ya taɓa jinyar mai tarin fuka ya san yadda maganar take ƙarewa. Wata shida cur ana haɗiyar ƙwayoyi kullum da safe, fitsari ya rine ya koma ja saboda maganin nan rifamfisin, a hankali tari ya lafa, gumin dare ya ɗauke, mutum ya fara neman ƙarin tuwo. A ƙarshen wata na biyu a kai kaki asibiti, a na biyar a kai, a na shida a sake kaiwa. In ba a ga ƙwayar cuta ba, ma'aikacin lafiya ya buɗe rajista ya rubuta an warke, a yi hamdala, kowa ya kama gabansa.

To shi wannan kaki, labarin ina yake kawo mana? Huhun mai tarin fuka kamar unguwa ce mai gidaje da yawa, kuma kowane gida da irin rigimar da ake yi a cikinsa. Wasu gidajen ƙofarsu a buɗe take zuwa titi, wato hanyar iska, abin da aka watso daga cikinsu shi ne yake fitowa a tari. Wasu kuwa a garƙame suke, ko kisa ake yi a ciki ba wanda zai ji. Mai gwajin kaki a bakin titi yake tsaye, abin da ya faɗo waje shi yake tsinta. In ma da madubin likita zai duba, sai ƙwayoyin cutar sun kai dubbai a cikin ɗan mililita ɗaya na kaki kafin idonsa ya kama su.

Ba kuma ƙaramar cuta muke magana a kai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutum miliyan 10.8 ne suka kwanta da tarin fuka, miliyan 1.25 suka rasu. Najeriya ce kan gaba a Afirka, tana kuma cikin ƙasashe takwas da suke ɗauke da kusan kashi biyu bisa uku na masu cutar a duniya. Saboda haka in wasu masana a wasu ƙasashe sun samo hanyar leƙa cikin gidajen nan da suke garƙame, ya kamata mu ji abin da suka gani, ko da na'urar da suka yi amfani da ita ba ta zo garinmu ba.

Bari mu fara da abin da yake faruwa a cikin huhun. Ƙwayar cutar da Robert Koch ya bayyana wa duniya a birnin Balin ranar 24 ga Maris 1882 ba ta da gaggawa. Wasu ƙwayoyin cuta cikin minti ashirin sun rabu biyu, ita kuwa sai ta kusan kwana ta wuni. Idan mutum ya shaƙe ta, ta gangara can ƙasan huhu, wanda yake fara tarbarta wani sojan jiki ne da ake kira makrofaj. Aikinsa ya haɗiye duk baƙon abu ya narkar da shi. Sai ya haɗiye ta, amma ta ƙi narkewa, don fatarta mai kauri ce mai maiƙo, kuma ta san yadda take toshe hanyar da yake bi ya kashe abin da ya haɗiya. Sai ta mayar da cikinsa wurin zama, ta ci gaba da hayayyafa. Shi kuma ya yi kururuwar neman agaji. Wasu makrofaj su zo, wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait su zo, su kewaye wurin su dunƙule, su zama ɗan ƙullutu mai faɗin milimita ɗaya ko 'yan milimitoci. Likitoci suna ce masa giranuloma.

In an yi sa'a, a nan maganar take tsayawa. Ƙullutun ya riƙe cutar, ko ya kashe ta, ya bushe, wani lokaci har ya sandare ya zama kamar ƙashi. In ba a yi sa'a ba, tsakiyarsa ta mutu ta ruɓe, sai wasu sojojin da ake kira nutrofil su yi ta kwarara wurin. Su waɗannan ba su san lallashi ba. Sinadaran da suke fesawa, da waɗanda makrofaj suke saki, suna narkar da zaren da yake riƙe da naman huhu. Ranar da ruɓaɓɓen wurin ya fashe cikin hanyar iska, abin da ke ciki ya fita a tari, sai a bar kogo a huhu. Daga irin wannan kogon ne jini yake fitowa, daga nan ne kuma cutar take samun hanyar zuwa ƙirjin wani.

Ku lura da wannan, don shi ne ginshiƙin zancenmu na yau: ramin da ake gani a huhun mai tarin fuka, akasarinsa sojojin jikinsa ne suka haƙa. Kumburin da ya tsare cutar, shi ne in ya wuce gona da iri yake cinye huhun. Kuma ba a isa a ce to a kashe kumburin a huta ba. A shekarar 2001 likitoci a Amurka suka ba da rahoton mutanen da aka bai wa wani sabon maganin ciwon gaɓoɓi da na hanji mai suna infiliksimab, wanda yake danne wani sinadarin kumburi a jiki, sai ga tarin fuka da ya daɗe kwance yana tasowa a cikinsu. Mu a nan mun ga irin haka da idonmu a kan masu cuta mai karya garkuwar jiki. Yawan kumburi ɓarna, ƙarancinsa ma ɓarna. Abin da likita yake buƙata shi ne ya ga inda kumburin yake, da ƙarfinsa, da ko ƙaruwa yake ko raguwa, ba tare da ya tsaga ƙirjin mutum ba.

Hoton ƙirji da muka sani, wanda ya samo asali daga hasken da Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895, inuwa yake nunawa. Zai gaya maka akwai tabo a saman huhun dama, amma da wuya ya rarrabe maka tsakanin tabon shekara goma da ya bushe da wurin da ake gwabzawa yau. Hoton CT ya fi shi, yana yanka jiki faifai-faifai a kan allo, ka ga kogo da kaurin bangonsa, amma shi ma siffa yake nunawa.

Dabarar da ta sauya lamarin ta sukari ce. Sojan jiki in yana kwance, abincinsa kaɗan ne. In ya tashi faɗa, sai ya dinga zuƙar sukarin jini da haɗama. Masana suka ɗauki sukarin gulukos suka ɗan sauya shi, suka liƙa masa wani sinadari mai fitar da hasken da ido ba ya gani, suka sa masa suna FDG. Mutum zai yi kamar awa shida bai ci komai ba, a yi masa allurar a jijiya, ya kwanta shiru na kusan awa ɗaya. Duk ƙwayar halittar da take jin yunwa za ta ja wannan sukari a zaton na gaske ne, amma da ya shiga sai ya maƙale, ba ya ƙonewa, ba ya fita da sauri. Sai a tura mutum cikin wata na'ura mai kama da zobe da ake kira PET, ita kuma ta ƙirga hasken da yake fitowa daga kowane lungu na jiki. Ƙwaƙwalwa za ta haska, don ita kullum a cikin cin sukari take. Mafitsara za ta haska, don ta nan ragowar take fita. Amma lafiyayyen huhu, da yake yawancinsa iska ne, duhu zai yi. In ka ga wuri yana walƙiya a cikinsa, to akwai masu ci a wurin.

An fara yi wa ɗan Adam allurar FDG a 1976 a Jami'ar Pennsylvania. A 1998 kuma David Townsend da Ronald Nutt suka haɗa PET da CT a na'ura ɗaya aka fara gwada ta a Pittsburgh, CT ta nuna wuri, PET ta nuna zafinsa. Don ciwon daji aka fi amfani da ita, saboda shi ma mayen sukari ne. A wajen likitocin daji, tarin fuka ɗan kutse ne kawai: su ga wuri ya haska su ɗauka daji ne, a yanko a duba, a tarar tarin fuka ne. Masu binciken tarin fuka suka ce abin da yake damunku shi muke nema.

Gani ya kori ji, bari mu fara da abin da aka gani a kan birai. A Jami'ar Pittsburgh, Farfesa JoAnne Flynn da abokiyar aikinta Philana Ling Lin suka girka wannan na'ura a cikin killataccen ɗakin bincike. Akwai wani jinsin biri na Asiya da tarin fuka yake kama shi kusan yadda yake kama mutum: in an sa musu 'yan ƙwayoyin cuta kaɗan, kusan rabi su kwanta ciwo, rabi su riƙe cutar ba tare da wata alama ba. Suka dinga ɗaukar hoton kowane biri lokaci bayan lokaci, suna bin kowane ƙullutu daga ranar da ya ɓullo. A ƙarshe su yi amfani da hoton a matsayin taswira, su ciro ƙullutan ɗaya bayan ɗaya, su ƙirga ƙwayoyin cutar da suke cikin kowanne.

Abin da suka wallafa a 2014 ya rushe wani tsohon zato. Da ana ɗauka mutum ko garkuwarsa ta yi nasara ko ta faɗi, magana ɗaya. Sai ga shi a huhun biri ɗaya, wani ƙullutun ya kashe cutar ƙurmus, na kusa da shi kuwa cike yake da ita. Birin da ciwo ya kayar yana da wuraren da suka yi nasara. Birin da yake tsalle lafiya lau yana da wuraren da cutar take raye. Kuma yawancin ƙullutan daga ƙwayar cuta guda ɗaya tak suke farawa. Wato ba sai huhu duka ya faɗi ba. Wuri ɗaya ko biyu su suɓuce, ya isa mutum ya kwanta. Daga baya suka nuna cewa a cikin birai masu kwantacciyar cuta, waɗanda huhunsu ya fi haskawa su ne suka fi saurin tashi da ciwo da aka danne musu garkuwa. Da irin wannan hoton ne kuma aka bi birai a gwajin da aka wallafa a 2020, inda aka yi musu tsohuwar allurar rigakafin tarin fuka, BCG, ta jijiya maimakon ta fata, 9 cikin 10 suka samu kariya mai ƙarfi.

Biri dai biri ne. Mutum fa?

A nan sai mu sauka Afirka ta Kudu, birnin Cape Town, inda tarin fuka ya yi katutu kuma akwai na'urar. Stephanus Malherbe da Gerhard Walzl na Jami'ar Stellenbosch, tare da Clifton Barry na Cibiyoyin Lafiya na Amurka, suka bi manya 99 masu tarin fuka na huhu, waɗanda ba su da cuta mai karya garkuwa. An ɗauke su hoto a farkon magani, da bayan wata ɗaya, da ƙarshen wata shida, wasunsu har bayan shekara guda da gamawa. Sakamakon ya fito a mujallar Nature Medicine a 2016. A ranar gama magani, mutum 14 ne kawai huhunsu ya yi tsit. Sauran duk akwai wurin da yake haskawa. Mafi yawa hasken ya ragu sosai, amma kusan kashi ɗaya bisa uku an ga wani wurin ya ƙara zafi, ko ma sabon wuri ya ɓullo da babu shi a farko. Kuma mutanen nan, yawancinsu gwajin kaki ya riga ya wanke su. Da aka wanko ruwa daga cikin huhun wasunsu, aka kuma sake bincikar kakinsu da gwaji mai zurfi, sai aka tarar da wani saƙon halitta na ƙwayar cutar da ake kira RNA, wanda ba ya daɗewa bayan ƙwaya ta mutu.

A nan dole in ja birki, don kada wani da ya gama magani bara ya kasa barci yau. Akasarin mutanen nan ba su sake kwanciya ba. Sun koma harkokinsu, cutar ba ta dawo ba. Haske a hoto ba hukunci ba ne cewa magani bai yi aiki ba. Masana har yanzu suna ja-in-ja kan fassararsa. Wasu suna ganin magani yana karya lagon cutar ne, ya rage ta ƙwarai, garkuwar jiki ta ƙarasa sauran aikin a hankali cikin watanni. Wasu suna ganin gawarwakin ƙwayoyin cutar ne, da maiƙon fatarsu mai wuyar narkewa, suke ci gaba da tsokanar sojojin jiki, ga kuma aikin gyaran nama, wanda shi ma sukari yake ci. Ko wanne ne gaskiya, ko duka biyun, abu ɗaya ya tabbata: ranar da aka rufe rajista, huhu bai rufe nasa aikin ba.

A shekarar nan dai ta 2016, a unguwar Khayelitsha ta Cape Town, Hanif Esmail da Robert Wilkinson suka duba ɗaya ɓangaren. Suka ɗauki mutum 35 masu cuta mai karya garkuwa da ba su fara shan maganinta ba, waɗanda gwaji ya nuna sun taɓa haɗuwa da ƙwayar tarin fuka, amma ba tari, ba zazzaɓi, kakinsu fes, hoton ƙirjinsu ba abin tashin hankali. A ƙa'idar littafi, cutarsu kwance take. Da aka sa su a PET-CT, 10 daga cikinsu akwai alamun ciwo a huhu. Cikin wata shida, 4 daga cikin goman nan sai da aka ɗora su a kan magani. A sauran 25 ɗin, ko ɗaya.

Mun taso ana koya mana cewa mutane iri biyu ne, mai kwantacciyar cuta da mai tari. Hoton ya ce tsakanin biyun akwai fili mai faɗi, kuma da mutane a cikinsa. Binciken gida-gida da aka yi a ƙasashen Afirka da Asiya ya zo da magana mai kama da wannan: da aka tattara sakamakon a 2021, kusan rabin waɗanda aka samu ƙwayar cutar a kakinsu ba su ce suna da alamun da ake tambaya ba. Suna kasuwa, suna sahun masallaci, suna cikin motar haya tare da kowa. Tsarin da yake zaune a asibiti yana jiran mai tarin mako biyu ya kawo kansa, ya riga ya bar waɗannan a baya.

Da aka ga abin da hoton yake iya nunawa, sai aka yi wani tunani mai kyau a takarda. Tun da hoto yana nuna wanda ciwonsa bai yi tsanani ba kuma yake saurin lafawa, me zai hana a tsayar wa irin waɗannan da magani a wata huɗu? Burin rage wata shidan nan tsoho ne. A 2014 manyan gwaje-gwaje uku na maganin wata huɗu suka gaza, ɗaya daga cikinsu ma har da Benin da Gini da Senegal aka yi shi, amma ko a cikinsu mafi yawan marasa lafiyar sun warke a wata huɗun. Matsalar ita ce gane su tun da wuri. Sai aka shirya gwaji mai suna PredictTB a Afirka ta Kudu da ƙasar Sin, aka yi amfani da PET-CT da gwajin kaki aka zaɓo waɗanda ake ganin ba su da haɗari, aka tsayar wa wasunsu a wata huɗu. Bai yi ba. Cutar ta fi dawowa a cikin waɗanda aka rage wa, har aka dakatar da ragewar kafin lokaci. Maganin wata huɗun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi daga baya, ta wata hanya ya zo, ta sauya haɗin magungunan da rifafentin da moksifuloksasin, ba ta hoto ba. Wanda duk yake jin sauƙi a wata na uku yana tunanin ajiye ƙwayoyi, ya ji wannan da kyau. Na'urar miliyoyin daloli da taron farfesoshi ba su iya zaɓo wanda zai tsaya da wuri lafiya ba, balle jin daɗin jiki.

Raunin FDG a fili yake. Ci yake gani, ba ya ganin mai ci. Makrofaj ne, nutrofil ne, ciwon daji ne, nama ne yake warkewa, duk haske ɗaya. Ita kanta ƙwayar cutar ba ta fitowa a hoton. Shi ya sa masu bincike suka bazama neman alluran da suka fi shi tantancewa. A Jami'ar Johns Hopkins, ɗakin binciken Sanjay Jain ya gwada wani sinadari, DPA-713, da yake liƙe wa makrofaj da suka tashi faɗa. Sun kuma yi wani abu da ya fi burge ni: suka sa wa shi kansa maganin rifamfisin alamar haske, suka yi wa marasa lafiya allurarsa, suka bi shi da na'ura su ga ina yake zuwa. A 2020 suka ba da rahoton cewa bangon kogo, inda cutar ta fi yawa, nan ne maganin ya fi ƙarancin shiga. Mutum ɗaya, ƙwaya ɗaya ya haɗiya, amma wani sashen huhunsa ya ƙoshi da magani, wani ɗan tsagi ya samu. Wannan yana cikin hujjojin masu cewa a ƙara yawan rifamfisin da ake bayarwa, abin da ake kan gwadawa. A 2024 kuma masana daga Ingila da Amurka suka wallafa aikinsu a kan FDT, wanda aka yi da wani sukari mai suna tirehalos da ƙwayar tarin fuka take gina fatarta da shi, jikinmu kuwa ba ya ƙera shi. A zomaye da birai ya nuna wuraren cutar, kuma haskensa ya ragu da aka ba da magani.

Wani amfanin hoton kuma shi ne a auna magungunan da ba cutar suke nufa ba, kumburin suke lallashi. Tunanin ba sabo ba ne. Tun 2004 gwajin da Guy Thwaites ya jagoranta a Biyetnam ya nuna cewa ƙara deksametazon a kan maganin tarin fuka na ƙwaƙwalwa yana rage mutuwa. A Singafo an yi ɗan ƙaramin gwaji da doksisaikilin, tsohon magani mai arha, saboda yana danne sinadaran nan masu narkar da naman huhu, aka bi marasa lafiyar da PET-CT, aka ga alamar kogon ya fi tsukewa a waɗanda suka sha. Ƙaramin gwaji ne, sai an yi babba.

Kuma tun da na ambaci deksametazon, bari in ɗan ratse. Wannan ƙwayar tana cikin waɗanda ake sayarwa a kemis da kan tire da sunan sha-ka-fashe, 'yan mata da amare suna sha don su yi ƙiba. Aikinta danne garkuwar jiki ne. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu na mutanen duniya sun taɓa haɗuwa da ƙwayar tarin fuka. Mai shan wannan magani wata da watanni ba bisa umarnin likita ba, tana kwance wa sojojin da suke gadin ƙullutan nan ɗamara ne da hannunta. A asibiti, tare da maganin kashe cutar ake ba da shi, da awo, da ranar tsayawa.

To mu ina muka tsaya? Ba zan zo gidan rediyo in ce gwamnati ta saya wa asibitocin tarin fuka PET-CT ba. Sinadarin hasken da ke cikin FDG rabinsa yake mutuwa duk bayan minti 110, don haka sai da wata babbar na'ura mai ƙera shi, saikulotiron, a kusa, da wutar da ba ta ɗaukewa. In an ɗauko shi a mota daga Legas, inda aka fara samun irin wannan hoto a Najeriya, kafin a iso Kano babu abin da ya saura. Kuɗin hoto ɗaya ya ninka mafi ƙarancin albashi sau da yawa, hasken da jiki yake sha kuma ya fi na hoton ƙirji nesa ba kusa ba. Kayan bincike ne, kuma a ƙasar da masu ciwon daji suke layi, su suka fi cancanta da shi. Abin da ya kamata mu ɗauka shi ne ilimin da ya fito daga cikinsa, wanda an riga an biya kuɗinsa a wani wuri.

Ilimin ya ce a nemi ciwo kafin tari. Wannan muna da abin yinsa. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar kwamfuta wajen karanta hoton ƙirji don tantance 'yan shekara 15 zuwa sama, kuma yanzu akwai na'urar hoton da ake goyawa a baya a shiga da ita ƙauye. Ƙungiyar KNCV da shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa sun yi aiki da irinsu a jihohi da dama, har da na arewa. Wanda hotonsa ya nuna alama a karɓi kakinsa a sa a na'urar GeneXpert. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, akwai kuma lambar kira kyauta, 3340. Idan an samu mai cutar a gida, duk wanda yake kwana ɗaki ɗaya da shi a duba shi, ko yana tari ko ba ya yi.

Inda muka fi sakaci shi ne bayan wata shida. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2021 ya ce a shekarar 2020 akwai mutum miliyan 155 a raye da suka taɓa yin tarin fuka suka tsira. Nazarin da ya tattara bincike da dama a 2019 ya nuna cewa haɗarin mutuwarsu ya kusan ninka na sauran mutane sau uku. Sai a 2019 ɗin aka yi taron duniya na farko a kan rayuwa bayan tarin fuka, a Stellenbosch. Da yawansu huhun ya ƙanƙance, ko hanyoyin iska sun buɗe sun lalace, ko wani naman gwari mai suna asfajilus ya samu tsohon kogo ya zauna yana jawo tarin jini. Manomi ya koma gona ya kasa kai kunya ɗaya ba tare da ya tsaya yana haki ba. Mai turin baro ya ajiye sana'a. Matar aure ta ci gaba da tari, dangin miji su ce ba ta warke ba, a ware mata kwano, alhali ba ta yaɗa komai. In sun koma asibiti, sau da yawa abin da ake yi shi ne a sake ɗora su a kan maganin wata shida, wani lokaci bisa sakamakon GeneXpert, wanda yake iya kama ragowar matacciyar ƙwaya a kakin wanda ya gama magani ba da daɗewa ba. Su sha wahalar ƙwayoyin a banza, ainihin abin da yake damunsu ba a taɓa shi ba.

Ni a ganina, ranar sallama bai kamata ta zama ranar rabuwa ba. A ɗauki mutum hoton ƙirji a ranar, a ba shi ya ajiye, don duk likitan da zai gan shi nan gaba ya san da wane tabo ya fita. A sa shi ya hura ɗan bututun auna numfashi, wanda kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ta motar babban jami'i ba. A gaya masa ya nisanci taba da shisha, a gaya wa uwargida ta rage zama cikin hayaƙin murhu a rufaffen madafi. A ba shi ranar dawowa bayan wata shida da bayan shekara, tun da a wannan tsakanin ne cutar ta fi dawowa in za ta dawo. Cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta da ke Saye a Zariya ta daɗe tana yaye waɗanda suke riƙe da rajistar nan a faɗin ƙasa. Daga can ya kamata a fara koya musu cewa a ƙara shafi ɗaya bayan na sakamakon magani, inda za a rubuta yadda mutum yake numfashi.